Kalmomin da ke yaudarar baƙo a Sukotland da arewacin Ingila

Kalmar da ba ka taɓa ji ba, kamar bairn ko kirk, ba ta cika ba da wahala ba. Ka tambaya, a ce maka ta farko yaro, ta biyu coci, shi ke nan. Mai kayar da mutum ita ce wadda ya ɗauka ya sani.

Greet a Turancin makaranta gaisuwa ce, amma a Sukotland kuka take nufi. Uwa ta ce bairn ɗinta na greetin, to jariri ne ke tsala ihu. Messages kuwa cefane ne, wanda ya ce ya fita messages kanti ya nufa da jaka a hannu. A Yorkshire, wani yanki na arewacin Ingila, while na nufin "har zuwa": mai shago ya ce yana buɗe nine while five, daga tara ne zuwa biyar.

Wadda ta fi rikitarwa, a ganina, canny ce. A Sukotland ana faɗarta ga mai taka-tsantsan, musamman wajen kuɗi. Ka gangara Newcastle, birni a arewa maso gabashin Ingila, ta koma yabo, canny lass yarinya ce mai kirki da daɗin zama. Sannan ga cannae, wato "ba iyawa", wadda a bakin ɗan Glasgow kusan sauti ɗaya suke. Dabarar ita ce duba abin da ya biyo baya: in aikatau ne, cannae aka ce.

Tushen wasu bambance-bambancen ya koma ga mayaƙan Viking, mutanen arewacin Turai da suka ci birnin York a 866. Su suka bar kalmar beck, ƙaramin rafi, a Yorkshire da Cumbria, da laik, wato wasa. Northumberland da Sukotland kuwa suka riƙe burn ta tsohon Turanci, ita ma rafi take nufi, shi ya sa sunayen rafuka a taswira ke sauyawa a wajajen Durham. Akwai kuma ƙa'idar da ke rage wahala: inda kudu ke da ch, arewa kan sa k, kamar kirk, birk da kist a madadin church, birch da chest.

Aberdeen nata daban ne. A karin harshen yankin, wanda ake kira Doric, wh ta zama f, what ta koma fit, where ta koma far. Saurayi loon ne, budurwa quine, kuma gaisuwar yau da kullum ita ce fit like, wato yaya dai.