Asabar a filin Disch-Falk, da labarin Augie Garrido

Tun da asuba garin Austin ya ɗauki zafi, ga shi bazara ba ta ma kankama ba. Na yi niyyar wuni a ɗakin karatu, sai dattijon nan maƙwabcina ya ƙwanƙwasa ƙofa da hantsi, tikiti biyu a hannunsa. Matarsa ba ta jin daɗin jikinta, ya ce in zo in raka shi kallon besbol na jami'ar Texas. Na ce masa, "Baba, ni fa ban san kan wasan nan ba." Ya ce, "Ɗana, kai dai zo ka zauna, bakina ba ya gajiya."

Gaskiya ya faɗa. Filin ya cika da riguna ruwan goro, kowa na ɗaga yatsu biyu alamar ƙahon bijimi, tambarin ƙungiyar. Muka sayi gyaɗa mai ɓawo, muka zauna ta wajen tasha ta uku. Zagayen farko ban fahimci komai ba sai jifa da gudu. Can wani yaro ya zo duka, abokinsa na tsaye a tashar farko. Na zaci zai zabga wa ƙwallon sanda iya ƙarfinsa, sai na ga ya rusuna, ya kara sandar a gabansa, ƙwallon ta taɓa ta ta gangara a hankali kan ciyawa. Aka ɗauka aka fitar da shi, amma abokin nasa ya riga ya isa tasha ta biyu. Ya koma benci 'yan'uwansa na dafa masa kai. Baba ya dafa gwiwata ya ce wannan wasan Augie ne.

Daga nan har aka tashi, labarin Augie Garrido, tsohon kocin ƙungiyar, nake sha.

An haife shi a 1939 a Vallejo, can Kaliforniya. Ya yi wa jami'ar Fresno State wasa a bayan fili, har ya je gasar ƙarshe ta jami'o'i a Omaha a 1959 yana ɗan wasa. Kulob ɗin Cleveland ya ɗauke shi, ya yi shekaru yana fafutuka a ƙananan rukunai, amma bai taɓa taka babban rukuni ba. Nan na fi tsayawa da tunani. Mutum ya ba abu ƙuruciyarsa, ya hango ƙofar da idonsa, ba a buɗe masa ba. Da yawa daga nan suke juya wa wasa baya da ɗacin rai. Shi sai ya koma koyarwa.

A matakin jami'a ya fara da San Francisco State a 1969, ya wuce Cal Poly, sannan a 1973 ya karɓi Cal State Fullerton, makarantar da ba kowa ya san da ita a harkar ba. A 1975, shekararsu ta farko a rukunin manyan jami'o'i, suka kai Omaha. A 1979 suka ɗauki kofin ƙasa, Tim Wallach na cikin 'yan wasansu. Suka sake a 1984. Ya tafi Illinois ya yi shekara uku, ya dawo Fullerton, ya ƙara na uku a 1995 da ɗan wasansa Mark Kotsay. Baba yana lissafo shekarun nan da yatsunsa, ɓawon gyaɗa na zubo masa a cinya.

Zuwansa Texas a 1997 bai zo da sauƙi ba. Ya gaji Cliff Gustafson, wanda mutanen nan suke ji da shi, kuma a 1998 wasannin da suka faɗi sun fi waɗanda suka ci. Baba ya ce shi kansa yana cikin masu gunaguni a lokacin, don sun saba ganin ana dukan ƙwallo da ƙarfi, ga baƙo daga Kaliforniya yana sa yara suna karawa a hankali. Sai ga kofi a 2002, lokacin mai jifa Huston Street na rufe musu wasa, ga wani a 2005. Kofi biyar ke nan, kuma shi ne koci na farko da ya ci gasar da jami'o'i biyu.

Abin da ya kama ni ya wuce kofunan. A wasan nan, gwanin da ake yabo sau uku kawai yake dacewa cikin duka goma, sauran bakwai komawa benci yake. Yaro ɗan shekara goma sha tara zai faɗi a gaban dubban mutane, bayan 'yan mintoci a ce ya sake fitowa. An san Garrido da cewa a nan ya fi zuba ƙarfinsa: yadda yaro zai sauke tsoro, ya manta jifar da ta wuce, ya fuskanci wadda ke tafe. Ina ganin wanda ya sha zaman ƙananan rukunai ne zai san ciwon nan ciki da bai. Na tuna ɗaliban da nake taimaka wa a ɗakin gwaji, yadda fuskar wasu ke mutuwa in gwaji ya ƙi, ni kuwa sai in wuce teburi na gaba. Ranar Litinin zan ja kujera in zauna da su.

Da la'asar ta yi na fita na samu gefe kusa da wurin ajiye motoci na yi salla. Na dawo na tarar Baba ya ajiye mini labarin daren 30 ga Mayu 2009, a wannan filin, da Boston College. Wasan da aka saba gamawa a zagaye 9 ya kai 25, sama da awa bakwai, Texas ta ci 3 da 2. Wani mai jifa, Austin Wood, shi kaɗai ya yi zagaye 13, jifa 169. Baba yana faɗa idonsa na ƙyalli. Ni kuwa jikina ya yi sanyi. Kafaɗar ɗan mutane ce, kuma ɗalibi ne. Na gaya masa a ganina ya kamata koci ya cire shi ko da yaron na roƙon a bar shi. Ya yi shiru, ya ce an daɗe ana wannan gardamar a garin nan. Ban janye ba, shi ma bai janye ba.

Garrido ya sauka a 2016 bayan kaka mara daɗi, da nasara 1,975, wadda ba kocin da ya kai a lokacin. Ya rasu ranar 15 ga Maris 2018 yana da shekara 79. Ba a yi wata biyu ba Mike Martin na Florida State ya wuce adadin, ya ƙare da 2,029, amma ya je Omaha sau 17 bai taɓa ɗaga kofin ba. Wannan ma ya tsaya mini a rai, har na tambayi Baba wanne ya fi a cikinsu. Ya ce a Austin ba a yin wannan tambayar.

Mun biya ta kantin magani ya karɓo wa matarsa saƙo, na riƙe masa ledar har bakin ƙofa. Ta leƙo ta ce jikin da sauƙi, na yi mata sannu. Wuyana duk rana ta ƙone shi, ga rahoton da ban taɓa ba yana jirana gobe.