Tankin kifin teku da ba shi da baya

Jama'a duk wanda ya taɓa ajiye tankin kifi jingine da bango ya san irin rufin asirin da bangon nan yake masa. Wayoyin lantarki, fayif, hita, famfon tura ruwa, duk tarkacen nan can baya kake cusa su, ka manna baƙar leda a gilashin baya shikenan babu mai gani. To ni nawa na ruwan gishiri ne kuma a tsakiyar ɗaki na kafa shi, ana zagaya shi ta ko'ina, kuma abin da nake faɗa wa duk mai sha'awar irinsa shi ne tun kafin ya sayi gilashi ya zauna ya san inda kowace waya da kowane fayif za su bi, don hanya biyu ce kawai ta rage masa, ko ƙasa ta gindin tanki ko sama ta silin.

Amma kafin nan ma akwai maganar nauyi. Lita ɗaya ta ruwan teku ta ɗan haura kilo ɗaya. Ɗauki tanki mai faɗin santimita 90 ta kowane gefe da tsayin 60, lita 486 kenan, ruwan kaɗai ya doshi kilo 500, ba a sa gilashi mai kauri ba, ba a sa duwatsu da yashi da tebur da ƙaramin tankin da ke ƙasa ba. In daɓen siminti ne a ƙasa ba damuwa. In kuwa bene ne ko daɓen katako, tsakiyar ɗaki nan ne ya fi nisa da bangon da ke ɗauke da gini, sai a kira wanda ya san gini ya duba tukuna. Teburin kuma ya zauna daidai, a auna shi da ma'aunin nan na magina, don in ya karkace gefe ɗaya ne zai riƙa shan matsin ruwan.

Yanzu zuciyar aikin. A tsakiyar tankin ake tsayar da wani dogon akwati mai haƙora a bakinsa kamar matsefi, ruwan saman tanki yana malala ta haƙoran ya faɗa ciki, ya bi fayif ta hudar da aka yi a gindin tanki ya sauka ƙaramin tankin da ke ɓoye cikin tebur, wanda masu harkar ke ce wa samp. Can ƙasa ne hita take, can sikima take, injin nan mai kumfa da ke tsamo dattin ruwa tun kafin ya ruɓe, can famfon da ke mayar da ruwa sama yake. Kaga duk abin da ido ba ya son gani ya koma ƙasa kenan. Sai dai fa a kula, gilashin da aka gasa ya yi tauri ba a huda shi, ana sa masa abin huda zai tarwatse gaba ɗaya, kuma tankuna da yawa na kanti gindinsu irin wannan gilashin ne, shi ya sa ya fi a ba maƙeran tanki aikin su huda tun daga wajensu.

Ni huda huɗu nake ba da shawara a cikin akwatin nan. Ɗaya ta saukar ruwa mai bawul da za ka daidaita har fayif ɗin ya cika taf ba iska a ciki, ta biyu ta ko-ta-kwana wadda bakinta ya ɗan fi tsayi ko da dodon koɗi ya shiga ya toshe ta farko, wannan tsarin shi ake kira Herbie kuma amfaninsa shiru, don tankin tsakiyar ɗaki in yana ƙugi wallahi ba mai iya hira a wajen. Ta uku ta dawo da ruwa. Ta huɗu ita mutane ke mantawa, fayif ne busasshe da bakinsa ya wuce saman ruwa, ba ruwa ke bi ba, wayoyi ne, kuma ya yi faɗin da kan fulogi zai wuce.

Samp ɗin kar a cika shi. Wuta na ɗaukewa famfo ya tsaya, ruwan da ke cikin fayif da wani ɓangare na saman tanki duk ƙasa zai gangaro, in babu wurin karɓarsa sai ya kwarara a ɗaki. A yi 'yar ƙaramar huda a fayif ɗin dawo da ruwa dab da ƙasan saman ruwa don iska ta shiga ta katse zuƙar, sannan ka kashe wutar da kanka ka tsaya ka ga inda ruwan ya tsaya kafin kifi ko ɗaya ya shiga. Ita kanta wutar da za ta zo tebur, in da hali soket a daɓe ƙarƙashin tebur ya fi, ba waya kwance a ƙasa tana harɗe ƙafar yara ba, kuma a haɗa da na'urar nan da ke yanke wuta da zarar ta yi yoyo, ruwan gishiri da lantarki ba abin wasa ba ne.

Jeren duwatsu shi ya fi cin lokaci kuma shi ya fi daɗi. A tankin bango kana jingina duwatsu da gilashin baya ka gyara fuska ɗaya kawai, a nan kuwa duk inda mutum ya tsaya gaba ne. Duwatsun za su zagaye akwatin tsakiya su ɓoye shi, a manna su da gam na musamman ko a zura musu sanda ta roba mai tauri don babu abin da za su jingina da shi, kuma a kan gilashin gindi ake ɗora su kafin a zuba yashi saboda akwai kifaye da jatan lande masu haƙa, in sun rarake ƙarƙashi sai ginin ya rufta. Ka ɗora dutse, ka zagaya, ka durƙusa, ka zauna a kujera ka kalla, ka sake zagayawa. A bar tazara tsakanin dutse da gilashi ta ko'ina yadda maganaɗisun goge gilashi zai wuce. Sannan koguna, da yawa. Kifi a tankin bango yana da gefen da ya san ba abin da zai ɓullo masa, a nan ko'ina motsi ne, in bai sami inda zai shige ba kullum a firgice yake, kuma kifin da ke firgice shi cuta ke fara kamawa.

Murjani, halittar tekun nan mai kama da tsiro da ake dasawa a kan duwatsun, yana son ruwa mai kaɗawa, kuma famfunan kaɗa ruwa a jikin gilashi ake manna su, to a tanki irin wannan duk inda ka manna ya tsone ido. Akwai wani samfuri mai suna Vortech da injinsa da wayarsa suke waje, fankar kaɗai ke cikin ruwa, amma dai wayar tana nan tana lilo a gefen gilashi. Ni na fi son ƙananan famfuna a jikin akwatin tsakiya, duwatsu sun kare su, wayoyinsu sun bi busasshen fayif ɗin nan. Fitila kuwa daga silin ake rataye ta, a sa mata ɗan kewaye don kar ta kashe idon wanda ke zaune. Kuma gaskiya akwai abin da za ka rasa, zurfin nan da baƙin baya ke ba tanki babu shi, kana kallon kifi kana hango mutum ko kujera ta ɗaya gefen. Wasu ba sa son haka, ni ba ya damuna.

Maganar ruwa ba ta da bambanci da kowane tankin teku. Ruwan da aka tace da injin RO, wanda ke cire gishiri da ma'adinan da ke narke a ruwa, gishirin teku na tanki ba na girki ba, kusan giram 35 a kowane kilo na ruwa, ma'aunin gishirin ruwa ya nuna 1.025 zuwa 1.026, zafi tsakanin digiri 24 da 26. Sai haƙuri na sati 4 zuwa 6 kafin bakteriya su kafu su riƙa mayar da amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, zuwa nitrayit, nitrayit kuma ta koma nitret mai sauƙin illa. Ruwan da ya bi iska da ruwa mara gishiri ake cike gurbinsa tunda gishirin yana nan bai tafi ba. Bambancin kawai shi ne lokacin da gansakuka mai ruwan ƙasa ta ɓullo a watannin farko, fuska huɗu za ka riƙa gogewa ba ɗaya ba, in kuma akwai taga da rana ke shigowa aikin ya ƙaru.

Tanki mai murabba'i ba shi da tsawon da manyan masu iyo irin su tang suke buƙata, ƙananan kifaye kamar kilawun da gobi sun fi dacewa da shi. A sa raga a sama don wasu tsalle suke, kuma sabon kifi ya fara zama a wani tanki daban na 'yan makonni, don in yana da ciwon fararen ɗigo a can za a yi masa magani, tunda maganin akwai jan ƙarfe a ciki kuma yana kashe murjani da jatan lande.

Akwai masu tambayata me ya sa ban yi mai zagaye kamar ganga ba. Yana da kyau a hoto amma lanƙwasar tana murɗe siffar kifi, kuma yawanci da akirilik, wata roba mai kama da gilashi, ake yin sa wanda ƙwayar yashi ɗaya a jikin abin goge ta isa ta karce shi. Irinsa mafi shahara shi ne AquaDom, katafaren tankin nan na Balin a Jamus mai lif a tsakiya, wanda ya fashe a Disamban 2022 da ruwa kusan lita miliyan ɗaya da kifi wajen 1,500 a ciki, ba wai ina cewa na gida zai yi haka ba, kawai dai ni gilashi miƙaƙƙe ya fi kwanta min a rai.

Sai canjin ruwa, kashi 10 cikin ɗari duk sati ɗaya ko biyu. Tankin tsakiyar ɗaki ya yi nisa da kowane famfo da kowace magudana, don haka a sa bawul a jikin samp da za a riƙa haɗa dogon tiyo, a kuma yi wa teburin ƙofa aƙalla ta gefe biyu don hannu ya kai ko'ina, in ba haka ba jigilar bokiti za ta gundure ka har ka fara tsallake sati.