Tsayin da na ƙara wa Hilux ɗin Alhaji

Ina shekarata ta biyu a garejin maigidana a Ringim wani Alhaji mai fataucin riɗi ya kawo tsohuwar Hilux ɗinsa mai ja da taya huɗu. Kukansa ɗaya ne: gabanta ya zauna. In ya shiga hanyar ƙauye, inda manyan motoci suka haƙa rami biyu suka bar tudu a tsakiya, sai cikinta ya dinga gugar ƙasa. Ran nan Oga ya tafi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano sayen kaya. Alhaji ya ce, "Samari, za ka iya ɗaga min ita?" Na ce, "Ranka ya daɗe, yanzun nan."

Gaban irin wannan mota yana zaune ne a kan abin da muke kira "toshin ba". Sandar ƙarfe ce doguwa, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kwance a ƙarƙashi. Kanta ɗaya yana cikin hannun da ke riƙe taya, ɗayan yana ɗaure a shasi da wata doguwar kusa. In taya ta hau tudu sai sandar ta murɗe kamar ana matse wanki, sannan ta warware. Toyota ta bar wannan tsari a Hilux tun samfurin 2005 ta koma sifirin mai naɗi, amma tsofaffin da bas ɗin Hiace suna nan cike da kasuwanninmu. Ka ɗaure kusar, gaban mota ya tashi. Iyakar sanina ke nan a lokacin.

Na shiga ƙarƙashi da sifana, ban sa jak ba, ban auna komai ba, na yi ta ɗaurewa har kusar ta kusa ƙarewa. Mota ta miƙe, Alhaji ya yi murna, har ya ƙara min na shan ruwa.

Bayan mako uku ya dawo ransa a ɓace. Robar da ke rufe gaɓar shaf, wato ƙarfen da ke juya tayar gaba, ta hagu ta yage, giris ya fantsama ya cakuɗe da yashi, in an karya kwana sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas. Tayoyin gaba sun cinye ta gefe ɗaya. Ya ce in ta faɗa rami har cikin haƙoransa yake ji.

Oga bai yi min faɗa a gaban mutane ba. Jak ya sa, ya ce, "Zo ka tsuguna nan." Yana ɗagawa ina kallo: da ƙyar taya ta sauko yatsa biyu, sai hannun sama ya dira a kan ƙaramar robar da ke tare shi. Ya ce, "Ka gani? Tafiyar taya ƙayyadadda ce, wata sama, wata ƙasa. Tsayin da ka ba shi, daga ta ƙasa ka ciro." Sai a lokacin na gane inda dukan yake fitowa. Ɗaure kusa bai ƙara wa sandar tauri ba, tayar ce ta rasa wurin sauka, ko wane rami sai ƙarfe ya daki roba. Shaf kuma ya karkace fiye da kima, shi ya sa robarsa ta yage, boljoyin ma, wato gaɓar da ke haɗa hannun da taya, yana wahala a irin wannan tsayuwa. Abin da ya fi damuna shi ne, mutumin nan a kan hanyar Maigatari yake duk Alhamis da kaya da mutane a baya, da tayoyin da na lalata masa.

Tare muka sake aikin. An fara ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, iskar taya daidai, aka auna daga tsakiyar wili zuwa bakin bodi a kowane gefe aka rubuta. Aka ɗaga ta nauyi ya sauka daga kan sandar, aka wanke haƙoran kusar aka sa mai, don in ka murɗa ta a bushe da nauyi a kai tana iya cinyewa. Ana ƙirga juyi, yadda aka yi wa dama haka hagu, a sauke, a zagaya da ita ta zauna, a sake awo. Ya nuna min harafin L da R a gindin sandunan, ya ce kowacce ta saba da murɗawar gefenta, ba a musanya su, kuma ba a dukansu da guduma, don tabo kaɗan kan zama mafarin karyewa. Muka mayar da ita tsayinta na asali da ƙarin da bai kai inci ɗaya ba, aka gyara saitin fitila, Oga ya tura Alhaji alaimen, wato saitin tayoyi. Kuɗin robar da giris daga aljihun Oga suka fita.

Yanzu ina da nawa yaran, kuma har gobe direbobi na zuwa, musamman gab da damina, su ce a ɗaga har ƙarshe. Nakan kai su bayan motar in nuna musu tulun gadar baya, wato dunƙulen ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya kusa da ƙasa: duk ɗaurin da za a yi a gaba, shi yana inda yake, girman taya ne kaɗai ke ɗaga shi. Wanda sandarsa ta gaji har kusa ta ƙare, nakan ce ya nemo wata. Wasu su yarda, wasu su tafi gareji na gaba. Wanda ya tsaya, tef ɗin awo nake fara miƙa wa yaro kafin sifana.