Minti 200 Ne Kacal: Wasiƙa Zuwa Ga Iyaye Da Kociyoyin 'Yan Matanmu Masu Ƙwallon Kwando

Assalamu alaikum iyayenmu, malamai da kociyoyi na gida. Muna gaishe ku daga Amurka, da fatan kuna lafiya. Ya iyali, ya ɗawainiya da yara?

Tun da D'Tigress, ƙungiyar ƙwallon kwando ta matan Najeriya, suka kai kwata fainal a gasar Olamfik ta Faris a 2024, matakin da babu ƙungiyar ƙwallon kwando ta Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa takawa, iyaye da yawa suka fara kallon doguwar 'yarsu da wani ido. Kocinsu ma, Rena Wakama, a jami'ar Western Carolina ta yi wasa. Sai tambaya ta zama ɗaya: ta yaya yarinya za ta samu jami'a a Amurka? Tambayar tana kan hanya, amma akwai wadda ta fi ta muhimmanci, kuma ita ce ba a cika yi ba. Idan ta samu jami'ar, minti nawa za ta riƙa yi a fili?

Ga lissafin. Wasan mata a jami'o'in nan minti 40 ne, an raba shi kashi huɗu, minti goma-goma. Mutum biyar ke cikin fili a lokaci guda, ke nan kowace ƙungiya tana da minti 200 da koci zai raba, ba ƙari ko ɗaya sai in an yi kunnen doki an ƙara lokaci. Ƙungiya a rukuni na ɗaya na hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, tana iya ɗaukar 'yan wasa har 15. To idan biyar ɗin da ke fara wasa suka yi minti talatin-talatin, 150 sun tafi. Ragowar 50 ɗin uku ko huɗu ne za su raba. Sauran shida ko bakwai suna benci, kuma kowaccensu ita ce tauraruwar makarantar da ta fito.

Ku dubi ƙarshen bencin kowace babbar ƙungiya a watan Fabrairu. Za ku ga yarinya 'yar shekarar farko, rigar ɗumama jiki har wuya, tawul a cinya tana naɗewa tana warwarewa. Duk sa'ad da koci ta waiwayo sai ta gyara zama. Ba a kiran ta sai saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, an riga an ba abokan hamayya ratar maki ashirin. Ta shiga, ta taɓa ƙwallo sau ɗaya, a busa tashi. A gida kuwa hotonta da rigar jami'ar yana ta yawo a WhatsApp. Yarinyar da ta shekara biyu a haka ba ta ci gaba, baya take yi, domin ƙwallo a fili ake koyon ta, gaban 'yan kallo da alƙalin wasa.

Shi ya sa muke roƙon ku kada ku zaɓi makaranta da sunanta. Rukuni na ɗaya yana da ƙungiyoyin mata sama da 350, kuma tsakanin na sama irin su UConn (jami'ar Connecticut) da South Carolina da na ƙasa akwai nisa kamar sama da ƙasa. Rukuni na biyu yana ba da tallafin karatu, sai dai kuɗin gurbi goma ne ake gutsuttsura wa ƙungiya duka, don haka sau da yawa rabi ko kwata ake samu. Rukuni na uku ba ya ba da tallafi don wasa sam. Sai kuma kwalejojin shekara biyu, waɗanda mutanenmu ke rainawa, alhali su ne ƙofar da ta fi buɗe wa ɗan Afirka. Evelyn Akhator, 'yar Legas, daga kwalejin Chipola da ke Florida ta fara, ta wuce jami'ar Kentucky, a 2017 kuma Dallas Wings ta ɗauke ta a matsayi na uku a zaɓen 'yan wasa na WNBA, gasar ƙwararrun mata ta Amurka. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya ya kuma jagoranci Toronto Raptors suka ci kofin NBA a 2019, shi ma ta irin wannan kwaleji ya bi, Bismarck State a North Dakota. A can yarinya tana samun minti ashirin da biyar ko talatin, tana gyara Turancinta da makinta, kociyoyin manyan jami'o'i kuma suna ganin ta da idonsu.

Kafin a zo nan, takardu. NCAA tana da cibiyar tantancewa da kowace ɗaliba za ta yi rajista da ita ta intanet. Suna duba karatu daga aji tara na tsarinsu, wanda ya yi daidai da JSS3, har zuwa SS3, tare da sakamakon WAEC ko NECO. Don haka kada a yar da katin sakamakon kowane zango. Suna neman darussa 16, a rukuni na ɗaya ga yadda aka raba su: Turanci huɗu, lissafi uku, kimiyya biyu, ilimin zamantakewa biyu, sauran a cike daga ire-irensu, da matsakaicin maki 2.3 cikin 4 a rukuni na ɗaya, 2.2 a na biyu. Tun 2023 hukumar ta daina tilasta jarrabawar SAT, amma jami'a na iya neman ta, ko ta nemi ta Turanci. Suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a takardar haihuwa, da WAEC, da fasfo. A'isha a nan, Aishatu a can, ya isa ya tsayar da fayil wata da watanni. Batun rage shekaru kuwa, ramin ƙarya ƙurarre ne: shekarar da ta gama sakandare tana rubuce a takardar WAEC, kuma da ita suke lissafi.

Wannan lissafin shi ke cin yaranmu ba su sani ba. Bayan gama sakandare ana ba ta rangwamen shekara ɗaya. Idan ta wuce haka tana buga gasa mai tsari, kamar gasar mata ta ƙasa da bankin Zenith ya daɗe yana ɗaukar nauyi, duk shekarar da ta ƙara ana iya cire ta daga kakar wasa huɗu da doka ta daɗe tana bai wa ɗaliba cikin shekara biyar. Haka kuma idan ta sa hannu a kwantiragi ko ta karɓi kuɗin da ya wuce na ci da sha da mota da masauki, za a tambaya. Koci, ajiye kowace takarda da kowane rasit.

Sai maganar biza, wadda a yanzu ta fi komai nauyi. A Yuni 2025 gwamnatin Amurka ta rufe wa 'yan Chadi da Sudan ƙofa, a Disamba ta ƙara da Nijar, ta kuma dakatar wa Najeriya wasu nau'o'in biza har da ta ɗalibai. Irin wannan doka tana zuwa tana sauyawa, don haka a tambayi ofishin jakadanci da ofishin ɗaliban waje na makarantar kafin a kashe ko kwabo. Duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi zai samo gurbi da biza, ku rabu da shi. Takardar I-20, wadda ake neman bizar ɗalibi da ita, makaranta ce kaɗai ke bayarwa, kuma kocin gaskiya ba ya karɓar kuɗi a hannun iyaye.

Yaya koci zai san da ita? 'Yan matan nan ana ganin su a gasannin bazara na kulob-kulob, irin wadda Nike ke shiryawa, inda kociyoyi ke cika bakin fili a watan Yuli. Tamu kuwa sai ta bidiyo, ko ta sansanin Basketball Without Borders, ko Giants of Africa na Masai Ujiri, ko wasan ƙasa na 'yan ƙasa da shekara 16 da 18. Gani ya kori ji, amma bidiyon ya zama na kirki. A ɗora waya a kan abu mai tsayi daidai tsakiyar fili, a ɗauki wasa biyu cikakku ba yanka, a rubuta lambar rigarta da launinta. A haɗa da gajere na minti uku zuwa huɗu, ba kiɗa. Koci ya fi son cikakken, don yana so ya ga me take yi bayan ta zubar da ƙwallo: ta ruga ta koma tsaro, ko ta tsaya tana ɗaga wa alƙali hannu? A auna tsawonta ba takalmi, a auna faɗin hannuwanta daga yatsa zuwa yatsa, a faɗi gaskiya. Kociyoyin rukuni na ɗaya ba su da izinin kiran ta sai daga 1 ga Yuni bayan aji goma, wato ƙarshen SS1, amma ita tana iya aika musu saƙo tun kafin nan. Alkawarin baki kuma ba ya ɗaure kowa. Sai an sa hannu a takardar tallafi magana ta tabbata.

Yanzu ga kociyoyinmu na gida, a gafarce mu, a nan gyara ya fi yawa. Da zarar an ga yarinya ta fi tsararta tsawo sai a kafe ta ƙarƙashin kwando, a ce ta tsaya ta tsinci abin da ya faɗo. Ta shekara biyar ba ta iya tafiya da ƙwallo da hannun hagu ba, ba ta taɓa jifa daga layin maki uku ba, wanda ke nisan mita 6.75. Mai tsawon mita 1.80 santa ce, mai tsayawa ƙarƙashin kwando, a Kaduna ko Kano, amma a nan 'yar gefe ce, za a sa ta ta bi gajeriya mai gudu kamar barewa. Ku koya wa kowace yarinya komai. A kowace rana a ware minti goma sha biyar na hannun da ba ta saba da shi ba, da jifan fawul hamsin ana rubuta nawa suka shiga, kuma a yi su bayan ta gaji, don a wasa a gajiye ake jefa su. A koya mata tafiyar tsaro ta gefe-gefe, gwiwa a lanƙwashe, ba tare da ƙafafu sun harɗe ba, da yadda ake kewaye shinge idan abokiyar hamayya ta tsaya ta tare mata hanya. A koya mata magana a fili. Yaranmu an yi musu tarbiyyar kunya, abu ne mai kyau, amma mai tsaron da ba ta ɗaga murya ta ce wa 'yar'uwarta shinge na zuwa ta hagu, ba za ta daɗe a fili ba.

Ku lura, sabuwar ɗaliba ba yawan cin maki ke fitar da ita daga benci ba. Koci na sa wadda ba ta zubar da ƙwallo, ta san inda za ta tsaya a tsaro, ba ta kuma yin fawul na ganganci, don na biyar ke fitar da mutum daga wasa.

A kula da gwiwa. Tsinkewar jijiyar tsakiyar gwiwa ta fi kama mata, kuma jinyarta wata tara ce zuwa shekara. Filin siminti yana ƙara wa gaɓoɓi wahala. A koya wa yara dira da ƙafa biyu, gwiwa na kallon yatsun ƙafa ba ta karkata ciki ba, a ƙarfafa cinya da ƙugu sau biyu a mako. A kuma san jininta tun a gida, domin NCAA tana neman gwajin sikila. Mai AS ba a hana ta wasa, amma masu horarwa za su lura da ita a zafi da atisaye mai tsanani.

Iyaye, ga abin da za ku tambayi duk kocin da ya nuna sha'awa. 'Yan wasa nawa ke matsayinta, a wane aji suke? Sababbin da ya ɗauka bara minti nawa suka yi? Wannan ba sai ya faɗa ba, yana rubuce a shafin ƙungiyar, kowa na iya dubawa. Nawa ne suka bar shi cikin shekara uku? Tun 2024 ɗaliba na iya sauya makaranta ko sau nawa ne ta ci gaba da wasa nan take, don haka koci na iya kawo gogaggiya 'yar shekara 22 a watan Mayu ta zauna a gurbin da aka yi wa 'yarku alkawari. Doka ta hana rukuni na ɗaya yanke tallafi don rauni ko gazawa a wasa, amma ba ta hana koci ya ce mata ba ta cikin shirinsa ba. Ku tambaya ko zai ajiye ta shekarar farko ta yi atisaye kawai, domin ko minti ɗaya ta buga a wasan gasa an ƙirga mata shekara, sai fa in rauni ne ya same ta da wuri. Kuɗin talla da suke kira NIL, wanda aka halatta a 2021, kada a sa shi a lissafi, don bizar ɗalibi ta taƙaita neman kuɗi a cikin Amurka.

Ku tambayi addininta da mutuncinta ba tare da jin nauyi ba. Bilqis Abdul-Qaadir ta yi wasa da lulluɓi a Memphis da Indiana State, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, kuma ta halatta rufe kai a 2017. Jana El Alfy 'yar Masar tana azumin Ramadan ta buga wa UConn wasannin farko na gasar kofin jami'o'i ta 2025, suka kuma ɗauki kofin. Amma ku sani ƙungiyoyi da yawa suna atisaye da samari ɗalibai don su saba da ƙarfi, ana kuma tafiye-tafiye da kwana a otal daga Nuwamba zuwa Maris. Atisaye da wasa suna kai awa 20 a mako a kan cikakken karatu. Ku ji wa za ta zauna da ita a ɗaki, ina masallaci, akwai abincin halal, wa zai kula da sahur da buɗa-baki ranar wasa. Ku nemi a haɗa ku da wata ɗaliba daga Afirka da ta yi shekara a hannun kocin nan, ku yi magana da ita ba ya wurin.

A gaida yara, a gaida malamansu. Allah Ya yi musu albarka, Ya tsare gwiwoyinsu.

Naku,
'yan'uwanku daga Amurka