Matuƙin jirgi mai jiran kira: kada takardunka su mutu a gida

Wanda ya gama koyon tuƙin jirgin sama a kwalejin Zariya, ya koma Ringim ko Bichi yana jiran kamfani ya buɗe aji, ya sani cewa alƙawarin ɗauka ba aiki ba ne. Aji yana buɗewa ne idan kamfani ya samu jirgi da kyaftin mai koyarwa da gurbi a na'urar gwajin tuƙi. Da ɗaya ya ɓace, ko dala ta tashi, sai a ɗage.

Takardunka kuwa ba sa jira. Shaidar lafiya mai daraja ta ɗaya wata 12 take yi, kuma sai likitan da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya (NCAA) ta amince da shi zai sabunta ta. Izinin tuƙa jirgi ta hanyar dogaro da na'urorinsa kawai shi ma yana ƙarewa. Hannu yana sanyi, shi ya sa wasu ke faɗuwa a gwajin farko. Ka riƙa bitar karatu kullum, ka ajiye fasfo mai rai, ka riƙa duba imel ko da sai ka hau babur zuwa inda sabis yake.

Iyaye, don Allah kada a sayar da gona a biya kuɗin horon Boeing 737 tun babu takardar ɗauka a hannu. Awa 200 ta tuƙi a sama ba ta kai kowa kujerar kyaftin, lasisinta yana buƙatar awa 1,500.