Ɗan mai gidan burodi

Jiya ina zaune a gareji a Ƙofar Ƙaura ana duba min mota, sai yaron bakanike ya miƙo min waya, hannunsa duk baƙin mai: "Yallaɓai, ka san Pagani?"

Wallahi labarin ya taɓa ni. Horacio Pagani ɗan mai gidan burodi ne a Ajantina, tun yana ƙarami yake sassaƙa motoci da katako, kamar yadda muka yi motar kara. Ya tafi Italiya, ya yi aiki a kamfanin motoci na Lamborghini, ya kafa ɗan kamfaninsa a 1992 kusa da garin Modena. Sai 1999 motarsa ta farko, Zonda, ta fito, da injin Mercedes. Shekara bakwai cur!

Yaron na bayani, baki har kunne. Na tambayi makarantarsa, ya sunkuyar da kai, ya ce ya daina zuwa tun bara.