Abin da manhajar SPSS ba ta sani ba game da matan Rigasa

Binciken digirina na biyu a fannin nazarin zamantakewa kan adashin mata na yi shi. Tambayar ita ce ko shiga adashi yana da alaƙa da yadda uwa take iya riƙe 'yarta a makaranta har ta gama sakandare. Na zaɓi Rigasa da Tudun Wada da Kawo a garin Kaduna, domin unguwanni ne da na san lungunansu, kuma kasancewata mace ya ba ni damar wuce zaurukan da aka rubuta "ba a shiga" a jikinsu. Tattara bayanan ya ba ni wuya, amma dama na sa rai da wannan wuyar. Aikin da ya fi cin hankalina shi ne wanda ya biyo baya, lokacin da na zauna gaban kwamfuta da tulin takardun tambayoyi a gefena.

A sashenmu SPSS ake koyarwa, manhajar da ake lissafa bayanan bincike da ita. Tsohuwar manhaja ce, tun 1968 Norman Nie da Dale Bent da Hadlai Hull suka fitar da ita a Jami'ar Stanford ta Amurka, kamfanin IBM kuma ya saye ta a 2009. Don masu nazarin al'umma irinmu aka yi ta, waɗanda ba lissafi suka karanta ba, shi ya sa take da sauƙin sarrafawa: ka danna nan, ka zaɓi can, tebur ya fito tsaf da lambobi. Wannan sauƙin ne ya haifar da wata sana'a a shagunan buga takardu na kusa da manyan makarantu. Wani matashi a irin shagon ya taɓa ce min, "Anti, ki kawo tambayoyin kawai, mu za mu cike mu fitar miki da babi na huɗu. Ki faɗa min dai, so kike a karɓi hasashen ko a ƙi shi?" Babi na huɗu shi ne inda ake kawo sakamakon bincike a kundi. Bai ɗauki abin a matsayin laifi ba, farashi ma ya faɗa min. Abin yana ci min rai har yanzu, domin irin waɗannan kundaye ne ake jerawa a ɗakunan karatu, wani ɗalibi ya zo ya kafa hujja da su, alhali ba a taɓa tambayar ko mutum ɗaya ba.

Manhajar nan kamar injin niƙa na bakin layi take. Abin da ka kai shi za ta niƙa, ko da tsakuwa a ciki, kuma ba za ta ce maka komai ba.

Saboda haka kafin in yi wani gwaji mai suna, sai na fara da abu mafi sauƙi, wato in sa ta ƙirga min sau nawa kowace amsa ta fito a kowane ginshiƙi. A nan ake kama yaro mai shekara 7 da aka rubuta masa 77, da wadda aka ce ba ta da aure amma an cike mata sana'ar miji. A nan kuma ake gane ko an sanar da manhajar cewa 99 alama ce ta "ba ta amsa ba". In ba a sanar da ita ba, za ta ɗauka akwai gidan da ke da 'ya'ya 99, ta zuba shi cikin lissafin matsakaici ba tare da wani gargaɗi ba.

Ginshiƙin shekaru ne ya tsayar da ni. Da na zana shi, sai na ga tsibi a kan 25, 30, 35, 40, a tsakaninsu kuwa kusan fili. Ruwa ba ya tsami banza. Matan ba ƙarya suka yi min ba, yawancinsu ba su da takardar haihuwa, kuma ba al'adarmu ba ce a riƙa lissafin shekaru ɗaya bayan ɗaya. Kika tambayi Inna shekarunta, sai ta yi murmushi ta ce, "Kai, 'yar nan, ai zan yi arba'in." Masana ƙidayar jama'a sun daɗe da sanin wannan, har suna da ma'aunin da ake kira na Whipple: a ɗauki masu shekara 23 zuwa 62, a duba nawa ne shekarunsu suka ƙare da 0 ko 5. In ma'aunin ya ba da 100, babu karkata. In ya ba da 500, kowa a kan waɗannan lambobi ya sauka. Abin da ya wuce 175 kuwa ana ɗaukarsa bayani mai rauni ƙwarai. Nawa ya yi sama sosai.

Babu maɓallin da ke gyara wannan. Komawa na yi gidajen da zan iya, da jerin abubuwan da kowa a Kaduna yake tunawa. Lokacin da aka kashe Murtala a 1976 an haife ki? Canjin kuɗi na 1984 kina da wayo? Rasuwar Malam Abubakar Gumi a 1992 ta same ki a gidanku ko a ɗakin miji? Mutuwar Abacha a 1998 fa, ko rikicin shekarar 2000? Wata baiwar Allah a Tudun Wada da ta ce min shekarunta 30, sai ga shi tana ba ni labarin yadda ta gudu da goyon ɗanta na fari a rikicin 2000. Muka lissafa tare da yatsu, muka yi dariya, na gyara. Waɗanda ban samu komawa wurinsu ba kuwa, sai na tara shekarun rukuni-rukuni, na daina yi musu kallon adadi na daidai.

Tambayar kuɗin shiga ta fi wannan sarƙaƙiya. "Nawa kike samu a wata?" tambayar ma'aikacin gwamnati ce. Mai ƙuli-ƙuli ko mai awara ko mai kitso ba ta da wata, kullum take juya ɗan jarinta, a ci daga ciki, a sayi sabulu daga ciki. Amsar da na fi samu ita ce "sai godiya". Abin da ya yi min aiki shi ne tambayar mudu nawa na gyaɗa take sarrafawa a kwana, da nawa take zubawa uwar adashi, kullum ne ko duk Juma'a. Wannan kowace mace ta san shi ba tare da tunani ba. Ko da aka samu lambobin ma, sai wata matsalar ta taso. Akwai wata Hajiya a Kawo mai saro atamfa daga Kantin Kwari na Kano, zubinta kaɗai ya ja matsakaicin unguwar sama har ya daina kama da rayuwar kowa a cikinta. Dole na koma amfani da adadin da ya faɗo tsakiyar layi idan an jera kowa daga ƙarami zuwa babba. Shi ne ya yi kama da matan da na zauna da su a kan tabarma.

Akwai ginshiƙi ɗaya da na ƙara da kaina, kuma ina ganin ya fi wasu da yawa daraja: wane ne a wurin lokacin hirar. Adashi sirri ne a gidaje da dama. Mace takan ɓoye wa miji yawan zubinta don kada ya janye hannu daga cefane, takan kuma ɓoye wa abokiyar zama. Na lura in kishiya tana tsakar gida tana tankaɗe, murya takan yi ƙasa, adadin ma ya yi ƙasa. Da na raba bayanan gida biyu a manhajar, waɗanda aka yi hira da su su kaɗai da waɗanda akwai wani a kusa, bambancin ya fito fili. Wannan ne ma dalilin da ya sa babu sunan kowa a fayil ɗin, lamba ce kawai, takardar da ke haɗa suna da lamba kuma ba ta taɓa shiga kwamfutar ba.

Tambayoyin ra'ayi masu matakai biyar, irin waɗanda Rensis Likert ya kawo a 1932, su ma sai da lura. Mutanenmu suna da kara. Baƙuwa ta shigo gidanki, kin ba ta ruwa, ta karanto magana, da wuya ki ce mata ba haka ba ne. Sai ka ga "na yarda" daga sama har ƙasa, ma'aunin alfa na Cronbach, mai auna yadda amsoshin tambayoyi suke tafiya tare, ya haura 0.7 ɗin da ake nema, ɗalibi ya yi murna. Maganinsa shi ne a juya wasu tambayoyin ta yadda mai goyon bayan abu dole ta ce ba ta yarda ba, sannan a tuna a juya lambobinsu kafin lissafi.

Sai aka zo kan ainihin tambayar. Na haɗa shiga adashi da zaman 'ya mace a makaranta, na yi gwajin kai-sukwaya na Karl Pearson, mai duba ko abubuwa biyu suna da alaƙa, ƙimar p, lambar da gwajin yake fitarwa, ta fito ƙasa da 0.05, iyakar da aka saba ɗauka kafin a ce akwai alaƙa. Na duba ɗan rubutun da SPSS take sakawa a ƙarƙashin teburin, wanda mutane da yawa ba sa karantawa, na ga akwatunan teburin da adadin da ake tsammani a cikinsu bai kai 5 ba sun wuce kashi 20 cikin ɗari, na haɗe wasu rukunai na sake. Alaƙar tana nan. Na kai wa malamin da ke duba aikina cike da farin ciki. Ya cire tabarau ya daɗe yana kallon takardar.

"Malama," ya ce, "adashin ne ya kai yaran makaranta, ko kuwa wadda take da abin zubi ita ce dai take da kuɗin littafi da na mota?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, teburin bai faɗa ba."

"To, je ki tambaye shi yadda zai faɗa."

Wannan tambayar ce ta kai ni ga rigireshan na amsa biyu, e ko a'a, inda ake saka abubuwa da yawa lokaci ɗaya: karatun uwa, sana'ar miji, yawan yaran gida, unguwa. Da karatun uwa ya shiga, ƙarfin adashi ya ragu sosai. Bai ɓace ba, ya fi tsayawa a gidajen da miji ba shi da albashi, inda kwasar adashi takan faɗo daidai lokacin komawa makaranta don uwa ta roƙi a ba ta wannan kwasar tun farko. Sakamako ne mai ƙanƙanta idan aka kwatanta da wanda na fara murna da shi, amma shi nake iya tsayawa in kare, domin na ji matan da bakinsu suna faɗin yadda suke tsara kwasar. Kuma ko shi ɗin alaƙa na kira shi a rubutuna, ban ce sanadi ba. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa a 2016 tana jan kunne cewa ƙimar p ba ta auna girman tasiri, ba ta kuma faɗin yiwuwar cewa hasashenka gaskiya ne. Ya kamata a ce ana karanta wa kowane ɗalibinmu ita kafin ya taɓa manhajar.

Wani abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne batun samfuri, wato mutanen da aka zaɓo don su wakilci jama'a. Kusan kowane kundi yana kawo dabarar Taro Yamane, wadda kan ba da mutum kusan 400 in jama'ar suna da yawa. Amma dabarar da manhajar duk suna ɗauka cewa an zaɓo kowa ne ta hanyar ƙuri'a daga jama'a baki ɗaya. Mu kuwa unguwa muke zaɓa, sannan layi, sannan gida, kuma maƙwabta sun fi kama da juna. Na fahimci wannan sosai da na sauko da bayanan binciken yawan jama'a da lafiya na Najeriya na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar da mata 41,821, don in kwatanta da nawa. Kowace mace a ciki tana da nauyinta na lissafi, wato lambar da ke nuna yawan wakilcinta, a ginshiƙin v005, wanda ake rabawa da 1,000,000 kafin a yi amfani da shi. Duk wanda ya tsallake amfani da wannan nauyin, kason da zai fitar ba na Najeriya ba ne, ba kuma na Kaduna ba.

A aikace, abin da ya fi cetona shi ne maɓallin Paste. Maimakon in danna OK, sai in sa SPSS ta rubuta umarnin a fayil daban, in ƙara ɗan bayani da Hausa a samansa kan dalilin da ya sa na yi. In an ɗauke wuta batir ya mutu, ko Malam ya ce a cire wani rukuni a sake, sai in sake kunna fayil ɗin daga farko, komai ya dawo. Ranar kare kundi, da mai jarrabawa na waje ya tambayi yadda na haɗe rukunan sana'a, wannan fayil ɗin na buɗe masa.

Yanzu na fara komawa manhajar R, wadda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙira a Jami'ar Auckland, saboda kyauta ce. Lasisin SPSS da takwararta Stata da dala ake biya, abin da ke tura ɗalibai ga kwafin sata da ke yawo a filas tare da ƙwayoyin cutar kwamfuta. R tana buƙatar haƙuri, don rubuta umarni ake yi. Ƙannena da ke shirin babi na huɗu, manhajar jamovi nake ɗora musu: a kan R aka gina ta, kyauta ce, kuma fuskarta ta yi kusa da wadda suka saba gani a aji. Sharaɗina ɗaya kafin in taimaka wa kowa, ya zo min da takardun tambayoyinsa na ainihi, mu zaro wasu daga tsakiya mu gwada su da abin da ya shigar, layi bayan layi.